Malamin Gona: Mene ne Ainihin Aikinsa, Kuma Daga Ina Ya Faro?

A kasuwar Mile 12 ko a lambunan da 'yan Arewa ke nomawa a gefen Ojo, in aka ce "malamin gona", yawancin mutane suna tuna mai babur ne da ke zuwa ƙauye yana rubuta sunaye idan gwamnati za ta raba taki. Rabon taki an ɗora masa ne daga baya. Ainihin aikinsa shi ne ya ɗauko abin da masu bincike suka gano ya kai wa manomi a sigar da zai iya aiki da ita, sannan ya ɗauko matsalar manomi ya mayar wa masu bincike. Wannan kai da kawo shi ake kira aikin faɗakar da manoma, kuma ilimi ne mai zaman kansa da ake karantawa a jami'a har zuwa digirin digirgir. Kashi na biyu, wato mayar da koke, shi aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi wuya.

Tunanin cewa jami'a ta fitar da iliminta wajen katangarta ya yi ƙarfi a Ingila tun wajen 1873, amma Amurka ce ta mayar da shi tsari na noma. Dokar da ta yi a 1914 ta haɗa kowace jami'ar noma ta jiha da malaman da ke zaune a cikin manoma. Wannan salo ya shigo Najeriya bayan samun 'yancin kai, har Jami'ar Jihar Kansas ta taimaka wajen gina tsangayar noma ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Tashar binciken noma ta Samaru da ke Zariya kuwa ta girmi jami'ar. Tun 1922 ake binciken noma a can ƙarƙashin ma'aikatar gona ta Arewa, hankali ya fi karkata ga auduga da gyaɗa saboda su ake fitarwa waje. Da aka kafa jami'a a 1962, tashar ta koma ƙarƙashinta ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Sai aka lura sakamakon bincike yana ta taruwa a cikin rahotanni, manomin Giwa ko Soba bai san ana yi ba. A 1963 aka buɗe sashe na musamman don sada masu bincike da malaman gona. Da aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi, sashen ya koma cikin cibiyar ta Samaru a 1968. A 1975 ya tsaya da ƙafarsa, a 1987 kuma aka ba shi hurumin ƙasa baki ɗaya, shi ne NAERLS ta yau, wato cibiyar faɗakar da manoma ta ƙasa. Ita ke buga ƙasidun noma, tana shirya shirye-shiryen rediyo da talabijin, tana horar da malaman jihohi, kuma duk shekara tana zagaya ƙasa ta auna yadda damina ta kaya. Irin da ka ga sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake ko SAMSORG na dawa, daga Samaru ya fito.

Akwai wani darasi daga wancan zamani da ya kamata duk ɗalibin wannan fanni ya riƙe. Shekaru da yawa shawarar hukuma ita ce manomi ya shuka abu ɗaya tak a gona, ya kuma shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni. Manoma suka ƙi, aka ce taurin kai ne da jahilci. Sai masu bincike ƙarƙashin David Norman suka zauna a ƙauyukan Dan Mahawayi, Doka da Hanwa a ƙasar Zazzau, suna lissafa ranakun aiki da abin da kowace gona ke bayarwa. Suka gano manomi ne ke da gaskiya. Haɗa gero da dawa da wake yana rage masa haɗarin tashi hannu wofi, kuma watan Yuni lokacin noman farko ne na hatsi, babu magidancin da zai bar abincin gidansa ciyawa ta cinye don ya shuka auduga. Shawarar tana da kyau a filin gwaji inda ake biyan leburori, amma ba ta dace da gidan da ke da hannaye huɗu kacal ba.

Tsarin da mafi yawanmu suka sani ya zo ne da shirin bunƙasa aikin gona da ake kira ADP, wanda aka fara da bashin Bankin Duniya a Funtuwa, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, daga baya ya game kowace jiha. Salon aikinsa a wancan lokaci horo ne da ziyara. Ana raba yankin malami gida takwas, ya ziyarci kowanne sau ɗaya a mako biyu, a ranar da kowa ya sani. A kowane gida yana da zaɓaɓɓun manoma kamar takwas zuwa goma da zai koya wa, su kuma maƙwabta su gani a wurinsu. Duk mako biyu malamai na taruwa a koya musu saƙon makonni biyu masu zuwa, duk wata kuma ƙwararrun jiha na zama da masu bincike.

Makamin malami shi ne ɗan filin gwaji, mita 10 a mita 10, a cikin gonar manomin kansa, kusa da hanya inda masu wucewa za su gani. Kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta, don haka lissafi ba ya wahala. Ɗauki masara a ƙasar Zariya. Ana barin santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tushe ɗaya a rami, wato kusan tushe 53,000 a hekta. Buhu 8 na NPK 15-15-15 a hekta ya koma kilo 4 a ɗan filin, ana zubawa cikin mako biyu da shuka. Yuriya kimanin kilo 130 a hekta ta koma kilo ɗaya da ɗan ɗori, a mako na huɗu zuwa na shida. A haƙa ɗan rami kamar faɗin yatsu uku daga tushe, a zuba, a rufe. Yuriyar da aka watsa a sarari cikin rana, wani kaso nata iska ke kwashewa. Manomi ba shi da sikeli, saboda haka malamin kirki yakan mayar da awon zuwa murfin kwalbar lemo.

Abin da ya karya tsarin sananne ne. Yana cin mai da alawus, kuma da kuɗin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, jihohi da yawa suka daina sayen babura, suka daina ɗaukar sababbi, tsofaffi suka yi ta ritaya. An tsara malami ɗaya ga gidaje kamar dubu, yanzu a wurare da yawa yana da dubbai. Zaɓen manoman ma ya sha karkata ga dangin mai gari, waɗanda ke da shanun huɗa da kuɗin taki, talaka kuwa ya ce ai wannan noman masu hali ne. Mata an daɗe ba a kai gare su ba sai da aka buɗe musu sashe da malamai mata. Gurbin da malami ya bari kuwa, mai shagon maganin feshi ne ya cike shi, shi kuma cinikinsa yake nema.

A nan batun ya shafi Legas kai tsaye, ko ga wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan gubar ƙwari da ake zubawa a wurin ajiya. Alhali akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, da ba ya buƙatar magani ko kaɗan. A busar da wake sosai, a duba ledojin ciki biyu ko akwai huda, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowanne daban, a ɗora kan katako nesa da ɓera. Ƙwaro na mutuwa ne don iska ta ƙare masa, shi ya sa buɗewa a ɗiba kowane mako yake ɓata aikin. Koya wa ɗan kasuwar hatsi wannan aikin malamin gona ne. Haka tumatir: kwandon kaba da ake jibgawa ɗaya kan ɗaya daga Kano zuwa Mile 12 yana murƙushe na ƙasa, akwatin roba mai cin kilo 25 kuwa yana ɗora nauyi a kan gefensa. Matsalarsa kuɗin mayar da shi Arewa babu kaya, kuma duk wanda ya tallata shi bai yi wannan lissafi da dillali da direba ba, kuskuren auduga ya maimaita.

Mai lambun salak da alayyafo a Legas kuma ya sani cewa shawarar Samaru an yi ta ne don damina ɗaya da ƙasar Arewa. Nan ruwa ya fi yawa, yana ɗan tsagaitawa a watan Agusta, ƙasa mai yashi tana saurin wanke taki, don haka ana ɗaga fangali, ana raba taki kaɗan-kaɗan, kashin kaji kuma sai ya ruɓe kafin a zuba, in ba haka ba ya ƙone saiwa. Kowane maganin feshi yana da kwanakin jira kafin tsinka a rubuce a jikin kwalba, kuma ganyen da ake ci ɗanye shi ya fi buƙatar a kiyaye su. Binciken kayan lambu na wannan shiyya yana cibiyar NIHORT da ke Ibadan, malaman gona na Jihar Legas kuma hedikwatarsu tana Oko-Oba a Agege. Sun fi saurin zuwa wurin ƙungiya mai rajista da fili sananne fiye da mutum ɗaya, don haka masu lambun da ke son ziyara sai su haɗu su naɗa wanda zai riƙa magana da ofishin, ya kuma tafi da samfurin ganyen da ya kamu a cikin takarda, ba leda ba, don leda na dafa shi kafin a isa.