Iyakokin Ƙirƙirarriyar Basira da Haɗurranta Idan Aka Gwada Ta da Hankalin Ɗan'adam

Ƙirƙirarriyar basira, wadda masu waya suka fi kira AI, fasaha ce da ke sa na'ura ta yi ayyukan da a da sai mai hankali ke yin su, kamar gane fuska, fassara, amsa tambaya da tuƙin mota. Sunan ya fito ne daga John McCarthy, wanda ya jagoranci wani taron masana a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956. Shekaru shida kafin nan, a 1950, Alan Turing na Ingila ya kawo wani gwaji: idan mutum ya yi hira a rubuce da na'ura har ya kasa bambanta ta da ɗan'uwansa, me zai hana a ce tana tunani? Fasahar ba ta shiga hannun jama'a sosai ba sai bayan 30 ga Nuwamba 2022, ranar da kamfanin OpenAI ya saki manhajar hira ta ChatGPT. Yau ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato na iya tambayar wayarsa abin da a da sai ya yi sammako zuwa laburare ko zauren malam.

Yadda take aiki

Manhajojin hira na yanzu an gina su ne kan tsarin da masu bincike na Google suka fitar a 2017. Ana ɗura wa kwamfuta rubutu mai ɗimbin yawa, a sa ta riƙa cankar kalmar da za ta biyo baya, in ta kuskure a gyara lissafinta, a sake, sau biliyoyi. Kamfanin Meta ya ce ya horar da manhajarsa Llama 3, da ya fitar a 2024, da gutsattsarin kalmomi sama da tiriliyan 15. Babu ɗan'adam da zai karance wannan ko da zai yi shekara dubu yana karatu. Amma yaro ɗan shekara uku a unguwar Gidan Igwai ko Mabera a Sakkwato ya iya Hausa daga ɗan abin da ya ji a bakin uwa da yayye, kuma ya san wa ake gaisarwa a durƙushe.

Haka batun wuta. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ƙarfin da take ci bai wuce wat 20 ba, kwatankwacin ƙwan fitila guda. Cibiyoyin da ke ɗauke da manyan kwamfutoci kuwa, Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya, abin da ya ninka wanda Najeriya ke samarwa sau da yawa. Ba duka ne na ƙirƙirarriyar basira ba, amma ita ce ke ƙara musu ƙishirwa.

Inda ta sha gaban mutum

A wurin sauri da haddar bayanai da bin ƙa'ida tsayayya, na'ura ta daɗe da wuce mu. Kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a darar Turawa ta ces a 1997. A Maris 2016 manhajar AlphaGo ta ci gwani Lee Sedol wasa huɗu cikin biyar a wasan Go, wata darar Gabashin Asiya da ake yi da duwatsu, a birnin Seoul. Ba ta gajiya, ba ta jin yunwa, kuma ba ta fushi da mai tambaya. Wanda ya raina wannan bai yi adalci ba.

Sai dai ƙarfin nata yana da ɓaraka a inda ba a zato. A 2023 wani Ba'amurke da ba ƙwararre ba ya lallasa ɗaya daga cikin manyan manhajojin Go ta hanyar kewaye duwatsunta a hankali da wata dabara da ɗan wasa matsakaici zai gano tun da wuri. Dabarar ita ma kwamfuta ce ta tono ta, amma abin ya nuna cewa gwanar ba ta riƙe ma'anar wasan yadda mutum ke riƙe ta ba.

Ilimin hannu

Masanin ƙera mutum-mutumi Hans Moravec ya lura tun shekarun 1980 cewa abin da ke wahalar da mutum, kamar dogon lissafi, shi ne mai sauƙi ga kwamfuta, abin da jinjiri ke yi ba da tunani ba kuma, kamar ɗaukar ƙoƙo ko taka ƙasa mai gargada, shi ke ba ta wuya. Majemin Sakkwato misali ne. Fatar jar akuya da aka yi ƙarnuka ana kai ta Arewacin Afirka har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, a hannunsa take zama kirgi. Zai tsoma hannu a ruwan bagaruwa, ya murza fatar tsakanin babban yatsa da manuniya, ya shinshina, ya ce a ƙara mata kwana. Ka tambaye shi ta yaya ya sani, zai ce maka haka ya ga mahaifinsa na yi. Wannan sanin bai taɓa hawa takarda ba, saboda haka ba ya cikin abin da aka ɗura wa na'ura. Haka manomin albasa a fadamar Rima da ke duban ganye ya san ruwa ya yi yawa, haka ungozoma, haka makiyayin da ke gane saniyar da ba ta da lafiya daga tafiyarta.

Shaci-faɗi da batun isnadi

Babban aibin manhajojin hira shi ne shaci-faɗi. Da yake aikinsu shi ne jera kalmomin da suka dace da juna, suna iya ƙago sunan littafi, ko shekara, ko hukuncin kotu, su faɗe shi da murya ɗaya da wadda suke faɗin gaskiya. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Kamfanoni sun rage matsalar, sababbin manhajoji na iya bincike a intanet su nuna inda suka samo magana, wani lokaci ma su ce ba su da tabbas. Amma ba a kawar da ita ba, domin daga tushen ginin take.

A nan ne ya kamata mutumin Sakkwato ya fi kowa saurin fahimta. Garin da aka kafa kan karatu ne, kuma karatun nan bai taɓa rabuwa da tambayar "daga wa ka ji?" ba. Malaman hadisi sun riƙe maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi, wato jerin waɗanda aka karɓo magana daga bakinsu, wani ɓangare ne na addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su karantar da mata, kuma kowace jaji an san wanda ya naɗa mata malafa.

Har yau a makarantar zaure haka abin yake. Ɗalibi zai buɗe littafi ya karanta jimla, malam ya tsayar da shi kan wasali guda, ya fassara, ya ce haka malaminsa ya biya masa. In aka kawo mas'alar da ta shige masa duhu, sai ya ce, "Bari sai na duba," ko ya tura mai tambaya wurin wanda ya fi shi. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba." Wannan kalma tana da nauyi ne saboda mai faɗinta yana da abin da zai rasa: mutuncinsa a gari, da tsoron tsayuwa gaban Allah. Na'ura ba ta da malamin da za ta ambata, ba ta jin kunya in an kama ta da kuskure, kuma ba ta ɗaukar alhaki. Shi ya sa neman fatawa ko maganin ciwo daga gare ta kai tsaye ganganci ne, musamman da yake tana iya jingina wa malami maganar da bai yi ba, ko ta kawo lafazi ta kira shi hadisi.

Ko na'ura tana fahimtar abin da take faɗa, wannan masana ba su daidaita ba. A 1980 John Searle ya buga misali da mutumin da aka kulle a ɗaki, bai san Sinanci ba, amma an ba shi littafin ƙa'idojin da ke nuna masa alamar da zai mayar in an miƙo masa wata. Na waje za su rantse ya iya harshen. A 2021 Emily Bender da Timnit Gebru da abokan aikinsu sun kamanta manyan manhajojin harshe da aku. Wasu kuma na ganin cewa abin da ke iya warware sabuwar matsalar lissafi ya wuce a kira shi aku. Abin da aka tabbatar shi ne saurin yardar ɗan'adam. Tun 1966, da Joseph Weizenbaum ya ƙera ELIZA, wata ƙaramar manhaja da ke juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya, ya ga mutane suna buɗe mata cikinsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da ita a keɓe.

Hausa da Sakkwatanci

Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a 2013, kuma an samu ci gaba tun daga lokacin. Duk da haka Hausar da ke intanet kaɗan ce in aka gwada da Ingilishi, mafi yawanta labarai ne da fassarori, kuma da yawa an rubuta ta ba lanƙwasa, ta yadda ƙasa da kasa suka zama abu guda. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kuka ta miya da kukan jariri, ko gari na tuwo da gari na zama, sai an duba jimla. Sakkwatanci ya fi shan wahala. Tsohuwar da za ta ce "mi kac ce?" ko "shina nan tahe" ko "ɗiyata ta" tana magana ne da Hausar da ba kasafai ake rubuta ta ba, kuma manhajar gane murya da aka horar da Hausar rediyo za ta iya yi mata gurguwar fahimta. Rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ɗakunan karatu na gidajen malamai, galibinsu ba su cikin abin da waɗannan manhajoji suka karanta. Idan aka tambaye su tarihin Daular Usmaniyya, daga abin da aka rubuta da Turanci suka fi ɗebowa. Ƙungiyoyi irin su Masakhane, ta masu bincike 'yan Afirka, suna ƙoƙarin cike wannan giɓi.

Haɗurran da aka riga aka gani

Na'ura tana gadon son kan da ke cikin bayanan da aka ba ta. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya gano cewa wasu manhajojin tantance fuska na kuskuren bambance mace da namiji har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, alhali a kan maza farare kuskuren bai wuce kashi 0.8 ba. A Janairu 2020 'yan sandan Detroit sun kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa bisa kuskuren irin wannan manhaja. A Maris 2018 wata motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta a Tempe, jihar Arizona.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne bogi. Da ɗan guntun sautin mutum ana iya kwaikwayon muryarsa, da hotunansa a haɗa bidiyon da yake faɗin abin da bai faɗa ba. A 2024 an yaudari ma'aikacin wani kamfani a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskokin shugabanninsa na jabu. A Najeriya, inda saƙon murya na WhatsApp ke yawo sosai, kuma a jihar Sakkwato, inda iyalai a gabashinta suka san tashin hankalin kiran neman kuɗin fansa, ba sai an yi dogon bayani kan abin da muryar bogi za ta iya haifarwa ba. Muryar malami sananne da aka ƙaga tana zagin wani ɓangare za ta iya tada gari kafin a kai ga ƙaryata ta. Akwai kuma ɓarna ta biyu: mai laifin da aka naɗi muryarsa da gaske yanzu ya samu mafaka, sai ya ce AI ce.

A makarantu damuwar ita ce mutuwar zuciya. Ɗalibin da na'ura ta rubuta masa aikin gida ya samu maki, amma bai sha wahalar da ke gina tunani ba. A kasuwar aiki kuma, masu fassara, masu buga takardu da masu zane na cikin waɗanda abin ya fara taɓawa.

Saɓanin masana kan gaba

A Mayu 2023 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya bar Google don ya samu sakewar yin gargaɗi. A watan ne ɗaruruwan masana da shugabannin kamfanoni suka sa hannu kan wata sanarwa da ta jera haɗarinta da na annoba da yaƙin nukiliya. Tsoronsu shi ne a ƙera abin da ya fi mu dabara, a ba shi buri, ya bi hanyar da ba a nufa ba, a kasa tsayar da shi. Yann LeCun, wanda ya karɓi lambar yabo ta Turing ta 2018 tare da Hinton da Yoshua Bengio, yana ganin an zuzuta abin, yana mai cewa manhajojin yau ko fahimtar duniya irin ta kyanwa ba su kai ba.

Dokoki

A Nuwamba 2021 ƙasashe 193 na UNESCO sun amince da shawarwari kan ɗa'ar amfani da fasahar. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu zaɓar abin hari da kansu a Disamba 2023. Dokar Tarayyar Turai, wadda ta kasa manhajoji gwargwadon haɗarinsu ta kuma haramta wasu, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum 'yancin ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa idan zai shafi haƙƙinsa sosai, kamar hana shi bashi ko aiki, tare da wasu togaciya. Inda togaciyar ta hau, dokar ta ce yana da damar neman mutum ya sake duba lamarin, ya saurari bayaninsa.