Sauya akwatin iskar babur da filtar waje

Akwatin iska shi ne baƙar robar nan da ke ƙarƙashin kujerar babur ko a gefensa, wadda iska ke ratsawa kafin ta isa kafireta, inda ake haɗa mai da iska. A cikinsa kamfani ke ajiye matacin iska, wato filta, na takarda ko na soso. Wasu masu babur kan cire akwatin ɗungurungum, su ɗaura ƙaramar filta mai siffar mazurari a bakin kafireta. An fi sanin wannan gyara da masu tsere, kuma kamfanin K&N, wanda aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1969, ya yi suna da irin filtar audugar da ake shafa wa mai.

Abin da ake nema shi ne inji ya sha iska da yawa. Sai dai akwatin ba matsugunin filta kaɗai ba ne. Yana tara iska ta natsu kafin inji ya zuƙe ta, yana rage ƙara, yana tsare ruwa da yashi, kuma a babura da dama nan ne tiyon da ke fitar da tururin man inji ke ƙarewa. Daidai da girman akwatin da tsawon wuyansa aka saita kafireta tun daga masana'anta.

Fetur na ƙonewa sarai idan giram 1 ya haɗu da iska kusan giram 14.7. Da an cire akwati, iska ta ƙaru, mai kuwa yana nan yadda yake. Sai inji ya riƙa zafi fiye da kima, ya yi gardama idan an murɗa mai, salansa ta dinga tartsatsi in an saki mai, bakin fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. Idan abin ya daɗe, bawul na iya ƙonewa, fistan ma ya lalace. Maganinsa a sa jet, wato ɗan bakin da mai ke fitowa ta cikinsa a kafireta, mai faɗin huda, a ɗaga allurar kafireta, a sake saita sukurun iska, ana gwadawa ana duba fulogi. Kafiretar da ke ɗaga allura da ƙarfin zuƙar iska ta fi wuyar saituwa ba akwati. Babur mai feshin mai na lantarki kuwa, kwamfutarsa ake sake wa lissafi.

A gari irin Maradi kuwa, babbar matsalar filtar waje ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu na kwaso hazo daga Sahara, ga rairayin unguwanni da hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta. Filtar waje tana barin iska ta wuce cikin sauƙi ne saboda hudojinta sun fi faɗi, kuma ta nan ƙura mai laushi ke bi. Ƙurar na gauraya da man inji ta zama kamar sanfefa, ta ci ringi da jikin silinda, har babur ya fara hayaƙi yana shan mai. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, a kan injin da iska kaɗai ke sanyayawa. Da damina kuma, filtar da ke fili tana jiƙewa, babur ya mutu a tsakiyar hanya.

A ƙananan baburan ƴan kabu-kabu, masu girman inji cc 100 zuwa 150, ƙarfin da ake samu kaɗan ne, sau da yawa ƙara ce kawai ke ƙaruwa, ƙarfin tashi da kaya daga tsaye kuma ya ragu. Ga mai neman abincinsa da babur, wannan asara ce, kuma akwatin kamfani ya fi masa.

Wanda dole ta sa ya ɗaura filtar waje, kamar wanda akwatinsa ya fashe bai samu irinsa ba, gara ya zaɓi filtar soso mai ninki biyu, ya shafa mata man filta, ya yi mata marfin da zai kare ta daga fantsamar taya, ya sa wa tiyon tururi ƴar filtarsa. A lokacin hazo ana wanke ta akai-akai, a bari ta bushe sosai kafin a sake shafa mai.