Fansa: wai wa aka biya?

Shekarun baya, in ka ji ana maganar fansa a Sakkwato, ko dai wani ne ya je neman Alƙur'ani a kasuwa, tunda ba a cewa an saye shi sai dai an fanshe shi, ko kuma wata ce ta haɗa kuɗi za ta karɓo sarƙarta daga jingina. Yau kuwa da wuya ka kunna rediyo ka kashe ba ka ji "kuɗin fansa" ba. Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah: an kwashe mutane, an yanka miliyoyi, dangi na sayar da gona da shanun huɗa. Har Majalisar Dattawa ta amince a Afrilun 2022 da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga mai biya. 'Yan siyasa kuma sun riƙe ɗaya fuskar kalmar, kowa na alwashin ɗaukar fansa a zaɓe mai zuwa.

Ana cikin haka sai Ista ta zo, Kiristoci su ce Yesu ne Mai Fansa, su karanto Markus 10:45, inda ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Kunnen da ya saba da labarin daji tambaya ɗaya zai yi: to wa aka biya? Abin haushin shi ne, akwai masu wa'azi da ke amsawa kai tsaye, wai Shaiɗan. Wai shi ya yi garkuwa da 'yan Adam, Allah ya kai masa jinin Almasihu, ya sako su. Maganar na shiga kunne a wannan zamani, amma babu ayar da ta faɗe ta.

Ba yau aka fara wannan tuntuɓe ba. Orijin, malamin Iskandariya na ƙarni na 3, ya faɗi haka. Giregori, bishop na garin Nisa, ya ƙara gishiri a ƙarni na 4, ya ce jikin Almasihu tsutsa ce a bakin ƙugiya, Shaiɗan ya haɗiya ya maƙale. Takwaransa Giregori na Naziyanzus ne ya taka musu birki a wa'azinsa na Ista, ya ce abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi fansa daga wurin Allah, fansar kuma Allah ne da kansa. Anselam, Babban Bishop na Kantabiri, ya sake bin maganar wajen 1098, ya nuna Shaiɗan ba ya bin kowa bashi: wanda aka saɓa wa shi ke da haƙƙi, shi ne Allah.

Basakkwace ba ya buƙatar zuwa Kantabiri kafin ya gane wannan, ragon layya ya ishe shi. Alƙur'ani a Suratus Saffat, aya ta 107, da kalmar fansa ya bayyana abin da ya faru: an fanshi yaron da abin yanka mai girma. Littafin Farawa sura 22 ya kawo labarin da Ishaku, mafi yawan malaman Musulunci kuma Isma'ila suke cewa. A bar wannan saɓanin. A duka ruwayoyin, wane maƙiyi aka miƙa wa ragon? Babu. Wanda ya nemi hadayar shi ya kawo ragon, ragon ya kwanta inda yaron zai kwanta. Wannan ita ce fansar da Kirista ke nufi, musanya ce. Inda aka rabu shi ne Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, bai kuma yarda wani rai na ɗaukar nauyin wani ba. Kiristanci kuwa a kan wannan ɗaukar nauyin ya tsaya.

Kalmar da ke tafiya tare da ita ita ce kafara. Musulmi ya san kaffara da ƙididdiga: wanda ya karya azumin Ramadan da gangan ya ciyar da miskinai 60, ko ya yi azumin wata 2 a jere, ko ya 'yanta bawa, wanda ya karya rantsuwa ya ciyar da 10. Mai laifi ke biya. A Littafin Firistoci na Attaura, sura 16, tsarin daban ne. Sau ɗaya a shekara, ran 10 ga watan 7, babban firist ya fara yanka bijimi saboda nasa zunubin da na gidansa. Sannan a kawo bunsuru 2, a jefa ƙuri'a. Ɗaya a yanka, ya shiga da jinin bayan labulen wuri mafi tsarki na alfarwar sujada, cikin hayaƙin turare, ya yayyafa da yatsa a kan murfin akwatin alkawari, a gabansa kuma sau 7. Ɗayan yana raye: firist ya ɗora hannu biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a, wani mutum ya ja shi can cikin jeji ya sake shi, ba zai dawo zango ba sai ya wanke tufafinsa ya yi wanka. Yahudawa na kiran ranar Yom Kifur, kuma saiwar kalmar ɗaya ce da ta kaffara a Larabci.

Aibin tsarin a fili yake: baɗi ma sai an sake. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 10 a nan ta kafa hujjarta. Ta ce jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi, abin da yake yi tunatarwa ce duk shekara. Firistoci kullum a tsaye suke don aikin bai ƙare ba, Almasihu kuwa ya miƙa hadaya ɗaya, sau ɗaya, ya zauna.

Nan ne ɓarnar misalin 'yan bindiga ta fi fitowa. Duk wanda ya taɓa tara wa ɗan uwa kuɗi ya san biyan ba ya rufe magana. A kai kuɗi, a ce sai an ƙaro babur. A kai babur, a riƙe ɗan aiken. A sako mutum da rani, a sake ɗauke shi da damina. Wanda ya fahimci gicciye da wannan hoto ba zai taɓa samun tabbacin ceto ba, kullum zai riƙa jin akwai ciko.

Tarihin garin nan yana da misalin da ya fi dacewa. A zamanin Daular Usmaniyya akwai murgu, akwai fansar kai. Mai murgu yana sana'arsa, yana kai wa ubangidansa wani abu a kai a kai, amma bawa ne. Ranar da ya fasa kaiwa ya koma gona. Fansar kai kuwa farashi ake yankawa, shi ko danginsa su biya, ko da kaɗan kaɗan ne da kuɗin wuri, in ya cika magana ta ƙare. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, bayi da yawa a gaban alƙali suka fanshi kansu aka ba su takarda. Dokar Musa ma tana da irin wannan a Littafin Firistoci 25: wanda talauci ya sa ya sayar da kansa ga baƙo, ɗan uwansa ko baffansa ko ɗan baffansa ke fansarsa, a lissafa kuɗin bisa shekarun da suka rage kafin shekarar 'yanci, wadda ke zagayowa duk shekara ta 50. In an saye shi saura shekara 20, aka zo fansa bayan 5, kashi 3 cikin 4 za a mayar. In ba shi ya samu hali ya fanshi kansa ba, dole mai fansar ya zama dangi na jini, abin da Kiristoci ke kafa hujja da shi ke nan kan dalilin zaman Almasihu mutum.

Kiristoci da yawa, a ganina, bakinsu na cewa fansa, zuciyarsu na biyan murgu. Baiko, ushiri, azumi, kwanan addu'a, duk sun zama kuɗin mako da ake kai wa Allah kada ya fasa. Alhali 1 Bitrus 1:18-19 ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe su ba. Duk mai wa'azin da ya ɗaura ceto da ambulan, murgu yake karɓa.

Amma kada a ɗauka duk majami'un garin bakinsu ɗaya ne. A ECWA da Baftis za a karanto maka Romawa 8:1 da 1 Yohanna 5:13, a ce mai bi na iya sanin yana da rai madawwami tun yanzu, domin tabbacin ya rataya ne ga wanda ya biya, ba ga yadda zuciya ke ji da safe ba. Katolika na bin matsayar da babban taron bishop-bishop ɗinsu na Tirent ya ɗauka a 1547: hadayar ta wadatar, babu shakkar alkawarin Allah, amma ba wanda zai yanke wa kansa hukuncin cewa zai dage har ƙarshe sai da wahayi na musamman, don haka suka fi son kalmar bege. Ba kan cikar kuɗin suke jayayya ba. Jayayyar ita ce ko wanda aka 'yanta zai iya komawa gidan bauta da ƙafarsa. Katolika da Methodist sun ce zai iya. Masu bin koyarwar Kalbin, malamin Furotesta, sun ce wanda ya koma ya zauna, tun farko bai riƙe takardar ba.