Waiwaye: Yadda Takardar Shaida Ta Zama Dole A Iyakokin Afirka Ta Yamma

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma a teburin Ingila da Faransa aka zana ta. Sun fara da layin da ya tashi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a gabar tafkin Chadi a 1890, suka yi ta gyare-gyare har zuwa yarjejeniyar 1906, sannan aka bi daji ana kafa turakun iyaka. Layin ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Illela da Birnin Ƙonni, ya bar Daura a kudu, Zangon Daura da Magarya suna kallon juna. Amma shekaru da dama bayan haka, manomi da bafatake ba su san wata takarda ba. Abin da ya dami Turawa shi ne haraji da kuɗin fito.

Bayan samun mulkin kai ne takarda ta soma cizo. Najeriya ta yi dokar shige da fice a 1963. Sai ga Gana: ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fice. Wannan umarni ya girgiza zangunan Kumasi da Ankara, inda Hausawa suka zauna tun zamanin fataucin goro na Gwanja. Da yawa a nan aka haife su, a nan aka binne iyayensu, ba wanda ya taɓa cewa su nemi izini. Suka karyar da gidaje da rumfuna, suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da wasunsu ba su taɓa takawa ba.

Don kauce wa irin haka ne ƙungiyar ECOWAS ta amince da yarjejeniyar zirga-zirga a Dakar a watan Mayun 1979. Ɗan ƙasa memba zai shiga wata ba biza, ya zauna kwana 90. Sai dai akwai sharaɗi da mutane kan manta: dole ya riƙe sahihiyar takardar tafiya da katin rigakafi. Yarjejeniyar ta kuma bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ba ta yarda da shi ba.

Ko shekara ba a yi ba aka ga yadda siyasa kan yi amfani da wannan makami. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka jefa shi Chadi da cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ce ta dawo masa da haƙƙinsa. In mai kujera a majalisa ya fuskanci haka, ina ga mai tallan ruwa?

A ranar 17 ga Janairun 1983, bayan faɗuwar farashin mai da kuma zargin baƙi da hannu a rikicin Maitatsine, ministan cikin gida Ali Baba ya ba marasa takarda mako biyu su bar Najeriya. An ƙiyasta kusan mutum miliyan 2 sun fita, kimanin rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Chadi. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake kora a 1985, daidai lokacin da fari ya gasa Sahel. Har yau a Nijar akwai masu kiran yunwar wannan lokaci El-Buhari.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne, hukuma ta riga tambayar takarda kafin ta raba ta. Najeriya ta yi dokar katin ɗan ƙasa tun 1979, amma sai a 2003 aka yi rajistar gama-gari, aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC a 2007. ECOWAS ta fito da takardar tafiya a 1985, fasfo a 2000, ta amince da katin shaida na zamani a 2014. Duk waɗannan suna buƙatar tushe, wato takardar haihuwa, ga shi a ƙauyukan bakin iyaka yawancin haihuwa a gida ake yi. Don haka mai zuwa kasuwar Maigatari ko Jibiya, wanda gonarsa ke wancan ɓangare, shi ake saukewa a shingen bincike, ya tsaya a rana har sai ya ba da na goro.

A 'yan shekarun nan kuma lamarin ya sake ɗaurewa. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, wadda ta sa jandarmomi tsananta bincike a hanyar Agadas, sojoji suka soke ta a Nuwamban 2023. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can a Yulin 2023. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, suka fito da fasfonsu na ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. A wannan watan ne kuma Yamai ta fitar da sabuwar doka da ta wajabta wa baƙo riƙe takardar tafiya ko ta zama, tare da hukuncin kora ko ɗauri. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta har sai an yi wata sanarwa.