Waiwaye: Lambun Vivero Alamar da yunwa ta haifa a birnin Habana

Kafin 1991, rake ne abin dogaron ƙasar Kyuba. Tana sayar wa Tarayyar Sobiyet sukari da tsada, a biya ta da man fetur, takin zamani, maganin ƙwari da alkama. Da Tarayyar ta wargaje, sai jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, ga takunkumin Amurka yana nan daram. Taraktoci suka tsaya cak, motocin da ke ɗauko amfanin gona daga ƙauye suka rasa mai. Mutanen Habana, babban birnin ƙasar, suka ji jiki. Nan fa aka far wa kangwaye da juji, kowa na shuka abin da zai jefa a tukunya. A 1993 gwamnati ta fara bai wa ƙungiyoyin gama-kai aron filaye.

A wannan yanayi aka kafa lambun Vivero Alamar a 1997, a Alamar, wata unguwar benaye da ke gabashin birnin. Miguel Salcines, tsohon ma'aikacin ma'aikatar gona, shi da wasu 'yan tsiraru ne suka fara, a filin da bai wuce murabba'in mita 800 ba. Sannu a hankali ya kai kusan hekta 11, da mambobi fiye da 100.

Rashin takin kanti ya sa suka koma ga tana. Ana jibge kashin shanu a inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa, tsutsotsin su cinye, su bar baƙin taki mai laushi da ake zubawa a fangalin latas da tumatir. Maganin ƙwari kuwa daga darbejiya ake haɗa shi, itacen nan da muke shan inuwarsa a ƙofar gida. A bakin kunyoyi ana dasa furanni masu korar ƙwari, huɗa kuma sai da shanu.

A ganina, abin da ya riƙe lambun shi ne tsarin mallakarsa. Masu aikin su ne masu shi: su ke zaɓen shugabanninsu, su ke raba riba, har ma rabon wani ya fi albashin ma'aikacin gwamnati. Kayan lambun kuma a rumfar da ke bakin ƙofa ake sayar wa maƙwabta, babu ɗan kamasho a tsakani.

Tun daga 2021 Kyuba ta sake faɗawa cikin matsin ƙarancin mai da ɗauke wuta, matasa na ta ficewa ƙasashen waje, alhali da ma dattawa da 'yan fansho ne ƙashin bayan aikin lambun.