Itatuwan tsafi a ƙasar Hausa

Itatuwan tsafi su ne bishiyoyi, wani lokaci ma kurmi sukutum, da masu addinin gargajiya na ƙasar Hausa suka ɗauka mazaunin iskoki ne. A gindinsu ake yanka, ba a sa musu gatari, kuma ko busasshen reshe ya faɗo mata ba sa ɗauka su kai murhu. Masu wannan addini ana kiransu Maguzawa a Najeriya, Azna ko Anne a Nijar. Yawansu ya ragu ƙwarai, haka ma itatuwan, sai dai masana ba su yi ittifaƙi kan yadda raguwar ɗaya ta jawo ta ɗayan ba.

Aƙida

Bamaguje bai musanta Allah ba. Abin da yake gani shi ne harkar yau da kullum, wato ruwan sama da haihuwa da ciwo da albarkar gona, tana hannun iskoki, farare da baƙaƙe. Kowane yana da wurin da ya fi so: tsamiya, kuka, suri, tsohuwar rijiya ko dutse. Kowane kuma da irin dabbar da yake karɓa, har da launinta. Gidaje da dama suna da kan gida, dabbar da zuriyar ba ta kashewa kuma ba ta ci. Mafarauta ba sa shiga dawa sai an yi buɗin daji. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan karkarar Kano wajajen 1938 zuwa 1939, ya tarar da mafi yawan waɗannan al'adu da ransu, duk da sun cakuɗe da kalmomi da ra'ayoyin Musulunci.

Dala da Jakara

Labari mafi cika yana cikin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. A cewar littafin, kafin zuwan Bagauda, wajen shekara ta 999 bisa lissafin Palmer, mutanen da ke kewayen dutsen Dala suna bauta wa Tsumburbura, wadda ke zaune a wata bishiya mai suna Shamus. An kewaye bishiyar da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, babban mai tsafinsu. Kwana biyu kawai yake saukowa daga dutsen a shekara, jama'a su taru da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga da dare, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi.

Kusa da nan akwai kurmin Jakara, wanda ake ce wa Kurmin Baƙin Ruwa saboda duhun ruwansa. An ce rassansa ba sa motsi sai in masifa na tafe, a lokacin ne ake jin ƙara, hayaƙi ya tashi, sai a garzaya da yanka.

Barin wannan bauta bai zo a rana ɗaya ba, kuma sarakunan kansu sun yi ta kai-komo. Sarki Tsamiya (kimanin 1307 zuwa 1343) ya rushe katangar. A zamanin Yaji (kimanin 1349 zuwa 1385) Wangarawa suka iso daga Mali, aka gina masallaci a gindin bishiyar, masu tsafi suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. Amma Kananeji, ɗan Yajin, da ya sha kaye a hannun Zazzau sai ya nemi Sarkin Cibiri, wato mai kula da tsafin gargajiya, ya yi abin da kakanni suke yi, littafin kuma ya ce bayan haka ya ci yaƙin. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), lokacin zuwan Shehu Magili, aka sare bishiyar aka gina hasumiya a gurbinta. Rumfa ne kuma ya kafa kasuwa a gefen Jakara, wadda har gobe ake kira Kasuwar Kurmi, ko da yake mai neman inuwar kurmin a yau sai dai ya fake a rumfar 'yan koli.

Ko bayan haka fadar Kano ta ci gaba da yanka wa Dirki, wani abu da aka ce Alƙur'ani ne naɗe cikin fatu, har Sarki Alwali (1781 zuwa 1807) ya sa aka farfasa shi.

Jihadi

Yanka ga itatuwa da duwatsu na cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da su a kan sarakunan Hausa kafin jihadin 1804. Shehu Laminu na Borno ya ce wannan saɓo ne da jahilci, ba kafirci ba. Muhammadu Bello bai yarda ba. Maguzawan karkara dai an bar su da addininsu suna biyan jiziya.

Ƙarni na 20

Sauyin da ya fi girma a ƙauyuka ya faru ne mutum-mutum. Saurayi ya tafi cin rani Kano ko Kumasi, ya dawo yana salla, ya ƙi cin naman yankan tsafi. Mai neman aure ko abokan ciniki a kasuwa ya musulunta. Wasu Maguzawan Kano da Katsina kuma sun shiga Kiristanci. Rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a farkon shekarun 1960, da wa'azin Izala bayan kafa ta a Jos a 1978, sun ƙara wa abin sauri. Sau da yawa dattijon gida ya ci gaba da kai kaza gindin tsamiya a ɓoye, in ya rasu babu magaji, bishiyar ta zama itace kamar kowanne.

A daidai wannan lokaci daji ma yana ƙarewa saboda wasu dalilai: noman gyaɗa, yawan jama'a, itacen girki na birane, da farin 1972 zuwa 1974 da na 1984. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta yadda 'yan bori ke cewa hanyar mota da saran daji sun raba iskoki da gidajensu, shi ya sa suke huce haushi kan matafiya. Malamai kuwa sun danganta fari da zunuban mutane, suka fita sallar roƙon ruwa. Masana yanayi suna ambaton sauyin zafin teku.

Gawo

Gawo ya sha bamban, domin kariyarsa ba ta rataya ga iskoki kaɗai ba. Yana zubar da ganye da damina, don haka gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare shi. Dokar daji ta Faransawa ta 1935 ta mayar da itatuwa irinsa hannun gwamnati, manoma suka daina ganin amfanin renon abin da ba nasu ba. Daga 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM da manoman wurin suka fara barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe. An ƙiyasta cewa hanyar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Masu wa'azin dashe a yau sun fi kafa hujja da hadisin da ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Halin yanzu

Jakara, ƙoramar da kurmin yake a kanta, ta zama magudanar ruwan dattin birnin Kano. An yi mata kwata da siminti, an rufe wani sashe da titi, tana haɗuwa da ruwan masana'antun Bompai kafin ta zuba a dam ɗin Wasai. Dutsen Dala gidaje sun kewaye shi, masu yawon buɗe ido suna hawa ta matakala.