Me ake nufi da "rufaffen zagaye" a aikin na'ura?

Ka ɗan tsaya kusa da firji, za ka ji injinsa ya tashi yana gurnani, can ya yi tsit, jim kaɗan ya sake tashi, alhali babu wanda ya taɓa shi. A cikinsa akwai 'yar na'urar da ke auna sanyi tana gwada shi da wanda aka saita. Ciki ya fara ɗumi, ta kunna injin. Sanyi ya kai inda ake so, ta kashe. Wannan ne rufaffen zagaye: sakamakon aikin yana komawa baya ya shaida wa na'urar abin da za ta yi nan gaba.

Fanka kuwa ba ruwanta. Ka sa ta a lamba uku, haka za ta yi ta juyi ko da haƙoranka na kaɗawa don sanyi. Nata zagayen a buɗe yake, ba ta samun labarin abin da ta jawo.

Dabarar rufaffen zagaye ba ta yau ba ce. A 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururi ƙwallayen ƙarfe biyu masu juyawa tare da shi. Gudu ya yi yawa sai su baje su yi sama, su rage tururin da ke shiga. Jikinmu ma da gumi da rawar ɗari yake riƙe zafinsa kusa da digiri 37.

Inda gizo ke saƙar, a ganina, shi ne jinkiri. Duk wanda ya taɓa wanka da shawa mai ruwan zafi ya san wannan. Ka murɗa famfo, shiru, ka ƙara murɗawa, sai ga ruwa kamar zai saɓule maka fata. Ka mayar da sauri, ya koma ƙanƙara. Kai ne ma'aunin a nan, kuma ba ka yi kuskuren ji ba, tsawon bututu ne ya sa labarin ke iso maka a makare, kana gyaran abin da ya riga ya wuce. Injinan tururi sun sha irin wannan kai-komo, har James Clerk Maxwell ya zauna ya fitar da lissafinsa a 1868.

Shi ma firji, da gangan aka bar masa tazara tsakanin sanyin da zai kashe da ɗumin da zai kunna. Ba don haka ba, da injin ya yi ta tashi yana mutuwa har ya ƙone.